Tsohon ogan na majami'a a Zariya: tambayoyi da amsoshi kan lafiyarsa da tarihinsa

Duk lokacin da wata majami'a a Zariya ta tashi gyaran gini ko shirin bikin cika shekaru, sai maganar tsohon ogan ta taso. Wani yana kusurwa an lulluɓe shi da tamfol, wani yana sito an jibga masa kujeru, wani kuma yana nan a mazauninsa amma rabin muryoyinsa sun ɗauke. Abin da dattawan ikilisiya da 'yan kwaya da matasa masu buga kibod suke tambaya kusan ɗaya ne, ko a Wusasa ne, ko Sabon Gari, ko Tudun Wada, ko Samaru. Ga tambayoyin nan a tattare.

Mene ne ogan mai bututu, kuma ta yaya yake fitar da murya?

Kayan busa ne, sai dai ba da baki ake busa shi ba. Kowane bututu murya ɗaya tak gare shi, don haka idan maɓallan hannu 61 ne, kowane launin murya yana da nasa jerin bututu 61. Ƙaramin ogan mai launi goma zai haura bututu 500. Waɗanda kuke gani a jere a gaba 'yan kaɗan ne, sauran suna ciki a cunkushe, daga mai tsawon ƙafa 8 ko 16 har zuwa wanda bai wuce tsawon yatsa ba.

Iska tana fitowa daga zugazugi ko injin fanka, ta taru a rumbun iska mai naɗin fata wanda aka ɗora wa nauyi, daga nan ta shiga akwatin da bututun ke zaune a kansa. Idan mai kiɗa ya danna maɓalli, wata 'yar ƙofa mai shafin fata ce take buɗewa a cikin akwatin. Idan ya ja ɗaya daga cikin 'yan sandunan nan masu dunƙulallen kai, waɗanda masu kiɗa ke ce wa sitop, wani siririn falanki mai huji-huji ne yake zamewa har hujinsa ya dace da gindin bututun. Sai an buɗe duka biyun bututu yake magana. Ƙarfin iskar ba shi da yawa, abin da zai ɗaga ruwa inci 3 ko 4 ne a cikin lanƙwasasshen tiyo, shi ya sa 'yar tsagar da ido ba ya gani take iya kashe murya.

Bututun iri biyu ne. Mafi yawansu dangin sarewa ne, iska ta daki leɓe ta rabu biyu, murya ta fita. Kaɗan kuma dangin algaita ne, akwai siririn harshen tagulla a gindinsu da yake karkarwa. Ku riƙe wannan bambanci, zai yi amfani a amsar da ta shafi saiti.

Namu ba shi da bututu ko ɗaya, da ƙafa ake tuƙa shi, amma tun muna yara ogan ake ce masa. Shi ne wannan?

Ɗan'uwansa ne. Abin da kuke da shi hamoniyam ne, wanda muryarsa ke fitowa daga harsunan tagulla zalla. Alexandre Debain ne ya yi rajistar wannan suna a Faris a 1842, daga baya Amurkawa suka shiga sana'ar gadan-gadan. Kamfanin Estey kaɗai, a garin Brattleboro na jihar Vermont, ya ƙera fiye da 500,000 kafin ya rufe a 1960, har da ƙanana masu naɗewa su koma akwati, waɗanda 'yan mishan da limaman soja suke yawo da su. A tsofaffin majami'un Arewa irin wannan aka fi samu.

Kada ranku ya ɓaci, domin gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan maɓalli ɗaya ya yi shiru, galibi ƙwayar ƙura ce ta maƙale a harshensa. Ana zaro harshen da 'yar ƙugiya, a kakkaɓe shi da buroshi mai laushi, a mayar. Kada a kankare shi da reza, kankarewa tana canza murya har abada. Don gwada zugazugin, ku tuƙa har ya cika, ku ɗage ƙafa ba tare da danna komai ba. Idan nan take ya saki, ƙyallen robarsa ya mutu, sai an sake.

Akwai na uku da yake ruɗar mutane: bututun ado a gaba, lasifika a baya. Ogan na lantarki ya fara yaɗuwa ne bayan fitowar ƙirar kamfanin Hammond a 1935, kuma majami'u da yawa a duniya sun bar bututu a bango don kyan gani. Ku leƙa baya. In wayoyi da lasifika kuka tarar, ba akwatin iska, to mai gyaran kayan lantarki za ku nema.

Daga ina abin ya samo asali? Na Turawa ne tun fil azal?

A'a, a Afirka aka fara shi. Wani injiniya mai suna Ktesibios ne ya ƙirƙira shi a Iskandariyya ta ƙasar Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, yana amfani da nauyin ruwa wajen daidaita iska. Romawa a filin wasa suke buga shi, ba a wurin ibada ba. A shekarar 757 sarkin Rumawan Gabas, Kustantin na Biyar, ya aika wa sarki Pepin na ƙasar da ta zama Faransa da ogan kyauta. A Bagadaza ma, cikin ƙarni na 9, 'ya'yan Musa bin Shakir, waɗanda aka sani da Banu Musa, sun rubuta bayanin wata na'urar busa mai kiɗa da kanta da ƙarfin ruwa. Sai wajen ƙarni na 10 ogan ya fara samun gindin zama a majami'un Turai. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da har yau ake bugawa yana majami'ar Valère a garin Sion na ƙasar Suwizalan, an ƙera shi wajen 1435.

To ta yaya irin waɗannan kaya suka iso Zariya?

Hanya ce ta yanke hukunci. Lokacin da Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Anglikan, wato CMS, ya zauna a birnin Zariya a 1905, babu jirgin ƙasa. Kaya ta kogi suke hawowa, sannan 'yan dako su ɗauka a ka kwana da kwanaki. Hamoniyam mai naɗewa zai ɗauku a haka, amma ogan mai akwatin iska da ɗaruruwan bututu sai dogo. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, aka haɗa shi da na Legas a 1912. Daga nan Sabon Gari ya cika da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, waɗanda suka zo da al'adar kwaya da ogan ta majami'unsu. Saboda haka idan wani ya ce muku ogan mai bututu ya zo Zariya kafin jirgin ƙasa, ku ce ya kawo takarda.

A ɓangaren Hausawa Kirista kuwa, mishan ta koma Wusasa wajen 1929, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, kuma a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Waƙoƙin sujada da yawa na wancan zamani kalmomin Hausa ne a kan muryoyin Turai, shi ya sa ake buƙatar abin da zai ja jama'a a kan murya.

Cibiyar wannan kiɗa a Nijeriya dai Legas ce. T. K. E. Phillips ya riƙe ogan ɗin babbar majami'ar Christ Church da ke Marina daga 1914 zuwa 1962, kuma a hannunsa shahararren mai buga ogan Fela Sowande ya koya. Amma Arewa ma tana da rabonta: Ayo Bankole, wani sanannen mai buga ogan da tsara kiɗa, a Jos aka haife shi a 1935, mahaifinsa ne mai buga ogan a majami'ar St. Luke ta can.

Yaya za mu gane wanda ya ƙera namu da shekarar da aka yi shi?

Ku fara da ɗan allon suna da ke saman maɓallai, na tagulla ko na hauren giwa. Amma kada ku tsaya nan, domin wanda ya yi babban gyara yakan cire na asali ya kafa nasa. Ku samu tocila, mutum ɗaya mara nauyi ya shiga ciki, ya taka kan falankin tafiya kawai. Ya duba bututun da ya fi kowanne girma a kowane jeri, kusa da bakinsa ko gindinsa. A nan maƙera suke karta sunan muryar, wani lokaci da lambar aiki ko harufan sunan wanda ya yi. Ya duba bayan murfin akwatin iska, inda masu gyara suke barin rubutun fensir da kwanan wata. A cikin rumbun iska kuma akan liƙa tsofaffin jaridu don toshe tsaga, kuma kwanan watan da ke jikinsu shaida ce mai ƙarfi. Kusa da sandar tuƙa zugazugi, in tana nan, sau da yawa za a ga yaran da suka yi aikin tuƙi sun karta sunayensu da ƙusa.

Jikin aikin ma yana ba da labari. Maɓallan hannu 56 ko 58 sun fi nuna tsufa a kan 61. Idan siraran sandunan katako ne suke haɗa maɓalli da 'yar ƙofa, tsohon tsari ne mai jure wahala. Idan kun ga tarin ƙananan tiyo na dalma suna bin juna, tsarin da aka fi yayi ne daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920. Idan kuma kun ga an kafe farar fuskar maɓallai da 'yan ƙusoshin tagulla, an ɗaure katako da sukuru bayan gam, to tun farko don ƙasar zafi aka yi shi.

Abu ɗaya da ake yawan cakuɗawa: shekarar ƙira daban, shekarar zuwa daban. Ana sayen ogan na hannu daga majami'un Ingila da aka rufe, don haka naku yana iya girmar ginin da yake ciki. Shekarar da ke jikin injin fanka kuma ta injin ce kawai.

Takardunmu sun ɓace. Ina kuma za a nema?

Wannan ba ku kaɗai ba ne. Majami'u da dama a Zariya sun ƙone a rikicin watan Maris na 1987, wasu kuma gara ce ta cinye musu littattafai a cikin kabad. Ku fara da masu rai. Ku je wurin Baba ko Mama da suka yi kwaya tun suna ƙanana, ku gaishe su yadda ya kamata, ku nemi izinin naɗar murya. Kada ku tambaye su shekara, ku tambaye su wane limami ne yake nan, auren wa aka fara buga shi, kafin samun mulkin kai ne ko bayan yaƙin basasa. Daga nan shekara za ta fito da kanta. Tsofaffin hotunan aure da na bikin girbi ma sukan nuna ogan a baya.

Sai ofishin dayosis ko hedkwatar ɗarikarku, da Arewa House da Gidan Adana Takardu na Ƙasa, duka a Kaduna. A waje kuma, an yi dace: ɗakin karatu na Cadbury a Jami'ar Birmingham shi ke riƙe da takardun CMS, shi ne kuma ke riƙe da tarin littattafan aikin tsofaffin kamfanonin ogan na Birtaniya. Akwai kuma rajistar ogan ta Birtaniya, NPOR, da ake dubawa a intanet. Kamfanoni irin su Harrison & Harrison na Durham da Henry Willis & Sons suna nan suna aiki, ana iya rubuta musu da hoto da lambar aiki. Hill, Norman & Beard kuwa ya rufe a 1998, Rushworth & Dreaper a 2002.

An daɗe ba a kunna shi ba. Mu kunna mu ji ko yana da rai?

Ku dakata tukuna. Tsohon wayarin mai rufin zare ko robar da ta bushe yana iya tada gobara, kuma ogan busasshen katako ne daga sama har ƙasa. Mai aikin wuta ya fara duba waya da injin, a ga ko fankar tana juyawa da hannu, a zuba mata mai a inda aka tanada. Idan cikin akwatin injin an shafe shi da wani farin abu mai zare-zare, kada a kankare, kada a share, yana iya zama asbesto, ƙurarsa tana lalata huhu. Sannan a buɗe hanyar iska a duba, domin in akwai sheƙar ɓera a ciki, kunnawa ɗaya za ta watsa ta cikin akwatin iska gaba ɗaya. Idan sandar tuƙi tana nan, ku fara da ita a hankali, kunnenku na sauraron inda iska ke tsiyaya.

Me ya sa yake lafiya lau da damina, amma da hunturu ya kama sai ya rikice?

Nan ne babban ciwon ogan a Zariya. Katakon ogan ya fi son laimar iska tsakanin kashi 50 da 70 cikin 100. A nan kuwa, da rana cikin Janairu da Fabrairu takan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ta kai 80. Katako yana shan laima ya kumbura, ya rasa ta ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, ba a tsawo ba. Akwatin iska kuwa falankai ne da aka manne wasu a tsaye wasu a gicciye. Idan wannan yana son tsukewa wancan ya riƙe shi, sai wani wuri ya tsage. Iska ta bi tsagar ta shiga ɗakin maƙwabci, ka danna maɓalli ɗaya ka ji na kusa da shi yana amsawa ƙasa-ƙasa. Toshiyar da ke kan bututun katako takan saki ta faɗa ciki, fata ta bushe ta yi tauri, ga ƙura tana bin kowace kafa. Da ruwa ya sauka sai wasu tsagogin su rufe, amma sitop ya fara cijewa saboda kumburi.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Na farko, kada a yanke wa ogan hukuncin mutuwa a watan Fabrairu, yawancin abin da kuka ji zai lafa a Yuni. Na biyu, kada a bi shi da ɗaurin sukuru da fiƙe katako duk lokacin da yanayi ya juya, domin saitin da ya yi daidai da hunturu zai cije da damina. Ku sayi ma'aunin laima, ba shi da tsada, ku rataye a cikin ogan, ku riƙa rubuta abin da ya nuna duk Lahadi tare da laifin da aka ji. Shekara guda ta wannan rubutu ta fi dogon bayani amfani ga mai gyara.

Ana iya rage ɓarnar. Ku rufe tagogin arewa da gabas, ta nan iskar hunturu take shigowa. Ku ajiye faffaɗan kwanon ruwa a ƙasan ogan daga Nuwamba, nesa da waya, a riƙa canza ruwan saboda sauro, a kwashe kafin ruwan farko. Taimakonsa kaɗan ne, amma ya fi babu. Kada a yayyafa wa katako ruwa. Ginin ƙasa mai kaurin bango, a ganina, ya fi wa ogan daɗin zama a kan ginin bulo mai rufin kwano ba silin, domin zafi da sanyi ba sa shigarsa farat ɗaya.

Wata murya tana ta kuka ana tsakiyar sujada, ba wanda ya taɓa maɓalli. Me za a yi nan take?

'Yar ƙofar wannan maɓalli ce ba ta rufu ba. Ko ƙwayar yashi ce ta hau fatarta, ko ƙarfen da ke mayar da ita ya goce, ko katako ya motsa kamar yadda aka bayyana a amsar hunturu. Ku daddanna maɓallin da sauri sau da yawa, wani lokaci iska takan fitar da dattin. In ya ƙi, ku mayar da sitop ɗaya bayan ɗaya har kukan ya tsaya, ku ƙarasa waƙa da sauran. Bayan an tashi, a gano bututun, a ɗaga shi a hankali a sa 'yar takarda a ƙarƙashin gindinsa, a rubuta a littafi. Kada a toshe bakinsa da tsumma.

Muryarsa ba ta haɗuwa da kibod. Saitinsa ne ya lalace?

Ba lalle ba ne. Muryar bututu dangin sarewa tana hawa idan iska ta yi zafi, ta sauka idan ta yi sanyi. Tsakanin sanyin safiyar Janairu da zafin ranar Afrilu akan samu bambancin digiri 20, kuma wannan ya isa ya ɗaga muryar fiye da rabin tazarar da ke tsakanin maɓalli da na kusa da shi. Duka suke hawa tare, don haka ogan shi kaɗai ba ya jin saɓani sosai. Amma dangin algaita ba sa motsi haka, sai a ɗora musu laifi alhali su ne suka tsaya a wurinsu. Kibod shi ma ba ruwansa da zafi.

Ƙari a kan haka, ma'aunin tsayin murya da ake kira 440, wanda kibod ke bi, sai a taron Landan na 1939 aka amince da shi, tsofaffin ogan da yawa a sama ko ƙasa da shi aka yi su. Maganin mai sauƙi ne, a shiga saitin kibod a matsar da muryarsa ta bi ogan. Yanke bututu don ya bi kibod ɓarna ce da ba ta gyaruwa. In za a yi saiti, a yi shi a irin lokacin da ake sujada, fankoki a kunne yadda aka saba.

Gara da ɓera da sauran ƙwari fa?

Gara ce abar tsoro, domin ciki take ci ta bar fuska lafiya. Ku bi ƙafafun ogan da bangon bayansa kuna neman hanyar ƙasa da take ginawa, ku ƙwanƙwasa katako da yatsa ku ji ko ya zama fanko. A yi wa daɓe da bango magani, a raba katako da ƙasa da falankin ƙarfe ko dutse. Baƙin mai da aka saba shafa wa azara kada ya kusanci ogan, yana jiƙa fata ya hana gam kamawa.

Ɓera fata da ulu yake ci, kyankyaso kuma gam. Jemage kashinsa yana cin ƙarfe, sai a toshe masa kafa a rufi. Wanda ba a cika zargi ba shi ne zanzaro. Za ka ɗaga ɗan bututu da ya yi shiru, ka haska ciki, ka ga ɗakin laka ƙarami manne daidai bakin, ya bushe ƙam. A jiƙa shi da ɗigon ruwa ya narke, kada a soke shi da waya. Tsaka da ƙadangare kuma sukan faɗa cikin manyan bututu su kasa fita. Raga mai ƙananan ido a tagogi da bayan ogan tana maganin yawancin waɗannan. Feshin maganin sauro a cikin bututu ba ya maganin komai.

Muna da kafinta gwani a ikilisiya. Ba zai iya gyarawa ba?

Zai iya da yawa: murfi, ƙofofi, benci, falankin tafiya, raga, ɗaga ogan daga ƙasa. Inda ake gyaran gangar Abzinawa shi ne akwatin iska da fata. Na ga rumbun iska da aka liƙe kusurwoyinsa da robar tayar mashin da gam ɗin takalmi. Ya riƙe na ɗan lokaci, daga baya robar ta tsattsage, da aka zo ɓamɓarewa sai ta taho da fuskar katakon. Maƙeran ogan da gam ɗin da ake yi daga fatar dabba suke aiki, wanda ake narkawa a ruwan zafi, don wanda zai zo bayan shekara hamsin ya jiƙa ya cire ba tare da ɓarna ba. Sufa gulu da silikon ba sa ba da wannan dama.

Fata kuwa, ba mu rasa ta ba a ƙasar nan, ga majema ga dukawa, ga kuma cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, a Samaru. Sai dai ba kowace fata ke yi ba. Ana son ta tumaki, mai laushi, kaurinta ɗaya, wadda iska ba ta ratsawa. Ku yanki ɗan guntun tsohuwar ku kai wa masana su gani kafin a saya. Shawarata ita ce kafintanku ya tsaya kusa da ƙwararren da za a ɗauko daga farkon aiki har ƙarshe, don in baƙo ya tafi a bar mai ido a gida.

Za mu iya wanke bututun su yi ƙyalli? Wasu sun lanƙwashe, 'yan gwangwan sun yi tayi.

Kada a goge, kada a sayar. Yawancin bututun ƙarfe haɗin kuza da dalma ne, manyan kuma galibi tutiya. Suna da laushi har yatsa yana iya loɓa su, kuma muryar tana a 'yar siririyar kafar da ke bakin. In ta motsa kaɗan, muryar ta tafi. Dusashewar launi ba ciwo ba ne. Wanda ya lanƙwashe ana miƙe shi a kan sandar da ta yi daidai da cikinsa, wanda ya tsage a yi masa lamba. Kuɗin da mai sikeli zai ba ku a kan jeri guda ba zai sayi sabon bututu ko kaɗan daga cikinsu ba.

Dalma guba ce. Ba a manta abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba. Kada yara su busa bututu da baki, wanda ya taɓa ya wanke hannu, kada kuma a narka a gida. Maɓallai a goge su da tsumma mai ɗan danshi kawai. Idan na hauren giwa ne, ku sani akwai dokar duniya a kan fitar da shi, kada a aika da su waje gyara ba tare da takardar izini ba.

Wa za mu kira, kuma yaya za a tsara kashe kuɗi?

Masu wannan sana'a a Nijeriya sun fi yawa a Kudu, musamman Legas, inda ogan mai bututu ya fi yawa. Ku tambayi majami'un da aka yi wa aiki shekara biyar baya, ba wata biyar ba. Abu na farko da za ku biya shi ne rubutaccen rahoto mai hotuna, kuma ku gayyato mai dubawa da hunturu, lokacin da tsagogi suke a buɗe. Wanda ya faɗi farashi ta waya bai ga ogan ba, ku bar shi. A rubuta cewa ba za a fitar da ko bututu ɗaya daga harabar ba sai da lissafi da sa hannu.

Aikin yana da jeri: rufi da gara da wuta tukuna, sannan iska, sannan akwati da maɓallai, bututu da saiti a ƙarshe. Ana iya raba shi shekara-shekara gwargwadon baiko. Duk sabon katako a bar shi ya sha hunturu guda a Zariya kafin a yi aiki da shi. Ogan ɗin gora na Las Piñas a ƙasar Filifin, wanda aka gama a 1824, da aka kai shi birnin Bonn na Jamus gyara a 1973, sai da kamfanin Klais ya tanadi ɗaki mai zafi da laima irin na Filifin, ogan ya koma gida a 1975. Katakon da aka fiƙe a laimar Legas haka zai tsuke in ya iso nan.

Ba gara mu sayi sabon kibod mu huta ba?

Ku saya, ba laifi. Sujadarmu ta Hausa da ganga da tulun zumuntar mata da kacau-kacau take armashi, kuma akwai waƙoƙin da ogan ba shi da abin cewa a cikinsu. Amma sayen wannan ba ya nufin zubar da wancan. Kayan lantarki in ya tsufa kayan gyaransa sukan ɓace daga kasuwa, ogan kuwa katako ne da fata da ƙarfe, duk abin da hannu ya yi hannu zai sake. Mai sandar tuƙi ma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Gaskiya ɗaya ce dai: in babu mai bugawa, gyaran asara ne. Kafin a tara kuɗin fata, a samu matasa biyu ko uku da za su koyi karatun waƙa da taka maɓallan ƙafa.

Ba mu da kuɗi yanzu. Me za mu yi kafin Allah ya hore?

Ku toshe yoyon rufin da ke kansa, ku kwashe kujeru da buhunan da aka jingina masa, ku sa kwaɗo, makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya. Tamfol na roba yana tara gumi da damina, a canza shi da zanen auduga. A ɗauki hoton komai, ciki da waje, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Idan yana aiki kuma an duba wutarsa kamar yadda aka faɗa a sama, a riƙa buga shi duk mako, kowane maɓalli da kowane sitop, domin zama yana sa fata ta ƙage.

Idan dole sai an kwance shi saboda gini, kada a bar wa leburori. A sa wa kowane bututu lamba da fensir a 'yar takarda, ba a jikinsa ba, jeri-jeri. Na ƙarfe a kwance ake ajiye su cikin dogayen akwatuna, a naɗe kowanne da takarda, manya a ƙasa, kada a jingina su a bango domin nauyinsu yana lanƙwasa gindin. Sukurori da 'yan ƙarafa a zuba a gwangwani daban-daban, a rubuta inda aka ciro kowanne, a liƙa kwafin lissafin a cikin murfin akwatin farko.